Fitilar da Muka Sa wa Inna a Ƙofar Gida

Da kaka, lokacin girbi, Inna ta faɗi. Ta fito alwalar asuba, ƙafarta ta sarƙe da dokin ƙofa, ta tafi gaba ɗaya ta bugi turmi da kafaɗa. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai da matar baffanmu ta leƙo ta kan katanga ta gan ta tana ɗaura zani da hannu ɗaya, sannan aka bugo mini waya a Birnin Kudu, inda nake aure kuma nake koyarwa a firamare. Na ajiye alli na nemi motar Gwaram, daga can na hau babur zuwa ƙauyenmu da ke wajen Zandam, ina tafe ina shirya faɗan da zan yi mata.

Ban samu na yi faɗan ba. Na tarar da ita a gindin rumbu tana tsinkar zoɓo da hannun hagu, ta ɗago ta ce, "Wa ya aiko ki?" Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa nuna ta yi murna da zuwana ba. Sai dai in ga an yanka kaza.

Idonta ne ya yi rauni. Yanar ido ce, an yi wa ɗaya aiki a asibiti, ɗayan ta ce a bar mata shi yadda Allah ya bar shi. Da rana tana gani daidai gwargwado, amma da magariba ta yi sai lalube. Tun rasuwar Baba ita kaɗai ce a gidan, ita da awakinta, mu kuma da muke kusa mu biyu ne: ni da autanmu, mai shagon wayoyin hannu a Birnin Kudu. Na ce mata ta tattara ta biyo ni, na share mata ɗaki mai banɗaki a ciki, ba dokin ƙofa, ba turmi a hanya.

Ta ce, "Nan aka kawo ni da ƙuruciyata, daga nan za a fitar da ni. In na bi ki, da wa zan yi hira? Da firji?"

Hirar da take magana a kai ta girme ni. A ƙauyenmu matan aure ba su fita da rana sai da dalili mai ƙarfi. Fitarsu bayan isha ce, in an ci tuwo an wanke kwanuka, duhu ya sauka sosai. Sai mace ta yafa gyale ta bi jikin katanga, ta je barkar haihuwa, ta yi wa wata sannu da jiki, ko ta zo gidanmu. Gidanmu ne matattara, saboda tsakar gidan na da faɗi, kuma Baba ba mai zaman ƙofar gida ba ne. In ya yi isha can gaban masallaci yake zama da sauran maza har a tashi. Ƙofarmu ba kowa, lungunmu duhu, mace za ta shigo ta fita babu wanda zai ce ya gan ta.

Na tashi ina ganin aci-balbal guda a tsakiyar tabarmi, daga baya fitilar ƙwai, daga baya 'yar fitilar nan mai batir da ake sayarwa ranar kasuwa. Hasken bai taɓa wuce faifan da ke kusa da shi ba, kuma ban taɓa jin wata ta yi kuka da shi ba. Ɓarar gyaɗa ba ta bukatar ido. Hannu na aiki, baki na aiki. A nan ake sanin wadda ta samu ciki kafin mijinta ya sani, a nan ake sasanta waɗanda suka yi cacar baki don akuyar wata ta ci shanyar wata, a nan ake shirya gudummawar biki. Nakan kwanta a cinyar duk wadda ke kusa, ina jin muryoyi ba na ganin fuskoki, har barci ya ɗauke ni. Har yau in na ji warin kananzir ya haɗu da ƙamshin ɗanyar gyaɗa sai in tuna da hirar nan.

A cikin matan akwai wadda ba ta fashi, aminiyar Inna, muna ce mata Goggo. Mutanenta masu shanu ne da suka zauna a garin tun kakanni, Fulatancin ma ya gudu ya bar ta, sai na zagi da take ajiye wa awaki. Shekara guda aka kawo su amare ita da Inna, tare suka yi goyo, tare suka binne mazajensu. Inna ba ta kiranta da komai sai Mai Nono, ko da yake ban taɓa ganin Goggo ta ɗauki ƙwaryar talla ba.

Da Inna ta ƙi tashi, Auta ya ce tunda duhu ne ya kayar da ita, to a kori duhun. Auta mutum ne da in ya ga sabon abu mai waya jikinsa har rawa yake. Bai ɗau lokaci ba ya iso da farantin sola da batir da naɗin wayoyi, da wani abokinsa mai haɗa wuta. Suka sa ƙwai ɗaya a ɗakin Inna, ɗaya a zaure, babba a kan dogon ƙarfe a tsakiyar gida. Wanda ya fi duka girma suka kafa shi a waje, saman ƙofa, irin mai kunna kansa da magariba ya kashe kansa da asuba. Auta ya ce wannan na ɓarayin awaki ne. Ya kuma bar wurin cajin waya a zaure don jama'a, ya ce lada ne.

Ni ma na ga kyan abin. Haka gidajenmu suke a Birnin Kudu, kowa so yake ƙofarsa ta fi ta maƙwabcinsa haske. Da aka kunna, tsakar gidan ya yi fari fat, har kaji suka fito daga akurki suna zaton gari ya waye. Inna ta kare fuska da tafin hannu ta ce, "Kai, Auta, rana ka sayo?" Sannan ta yi ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa kansa. Muka koma gida da kwanciyar hankali.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. In na kira ta, lafiya lau. Kafaɗa? Ta warke. Wuta? Tana ci. Auta kuma duk sanda ya je ya dawo sai ya biyo ta gidana da labari. "Yaya, ki ga ƙofar Baba kuwa? Cike take da mutane. Gidan ya rayu." Har ƙwalla ya taɓa yi yana faɗa.

Da aka ba mu hutu na tafi in kwana biyu. Magariba na yi, fitilar ƙofa ta kunna kanta. Ana idar da isha na fara jin motsi a waje, na leƙa ta zaure. Dattawa sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin hasken sun haƙa gurbin dara. Mai shayi ya dawo da teburinsa jikin katangarmu. Samari sun cika zauren, kowa na tsaron wayarsa. Majalisar da na sani a gaban masallaci tun ina yarinya ta taso ɗungurungum ta dawo ƙofar gidanmu. Da na ratsa su zan sayo sabulu sai da na gaida mutum kusan duk inda na juya.

A ciki kuwa Inna ce ita kaɗai, ta juya wa ƙwan tsakar gida baya, ta jawo gyale har kan gira domin hasken na kashe mata ido. Faifan gyaɗa a gabanta. Tabarmin hira suna naɗe a jingine da rumbu, gara ta fara cin bakin ɗaya.

Na ce, "Inna, yau ba hira?"

"Mutane na da hidimominsu."

"Goggo fa?"

"Tana nan."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ana ta shewa a waje wani ya ci wani a dara. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗakin nan da kika ce kin share, yana nan, ko kin zuba kaya?"

Abin da na yi ta roƙo ke nan, amma da na ji shi daga bakinta ban yi murna ba. Na san uwata. Matar da ta bugi turmi ta ɓoye don kada a ɗauke ta daga gidan nan ba za ta tambayi ɗakina don ta yi sha'awar fanka ba.

Da safe na tafi gidan Goggo da shirin rigima. Na same ta tana dama fura. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Goggo, me Inna ta yi miki?"

Ta ce, "Zauna tukuna, 'yar nan, kin shigo kamar an biyo ki. Me za ta yi mini? Ni da ita sai dai mutuwa." Ta miƙo mini ludayi. "Jiya da kika leƙa ƙofarku, wa kika gani a kan dakali, dama da ƙofa, mai farar hula?"

Na yi tunani na ce, "Mijin 'yarki ta fari."

"To. Tun da aka ɗaura auren nan ban taɓa bari mun haɗa ido da shi ba. Da, in na fito muka yi kiciɓis a lungu, duhu ne. Ni in yi kamar ban gan shi ba, shi ya yi kamar bai gan ni ba, kowa ya wuce da mutuncinsa. Yanzu fa? In ratsa ta gaban surukina a wannan haske, ana ganin har kaushin ƙafata? Shi dole ya tashi ya durƙusa, majalisa ta tsaya, a dakatar da dara, wai don tsohuwa za ta je gulma? Na gwada. Na kai bakin lungu na hango hular, na juyo."

Na ce ai tana iya zuwa da rana.

"Ina leƙa ta da rana. Amma rana ta aiki ce, gaisuwa ce a tsaye. Ni ma da na tsufa ke nan. Ina ga yaran matan nan, da iyayen mazajensu ke zaune a wurin? Wace ce za ta bi ta tsakiyarsu?"

A bakinta na ji cewa hirar ta koma wani gida a can bayan gari, sai an tsallake kwari, hanyar da idon Inna ba zai kai ta ba ko da tocila biyu. Na tambaye ta me ya hana Inna faɗa mana.

Ta ce, "Ta ce me? A kashe abin da autanta ya kawo mata? Ko a kori mutane daga ƙofar mijinta?"

Ni ba mai haƙuri ba ce, 'yan ajina za su ba da shaida. Ina fitowa na kira Auta na wanke shi tas, na ce ya kori mata ya tara maza, ya bar uwarmu zaune ita kaɗai a haske kamar kayan shago. Shi ma ya hau. Ya ce tun da aka sa wutar ta sake faɗuwa? An sake satar akuya? Ba ta sake ba, ba a sake ba, na sani, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi. Na ce masa, "Ba ta faɗi ba. Amma jiya ta tambaye ni ɗakin Birnin Kudu." Washegari da hantsi sai ga babur ɗinsa a ƙofar gida.

Cire fitilar ba wuya, aikin tsani ne da sukudireba. Wuyar ita ce mutanen. Dattawan unguwa ne, abokan Baba, su suka ɗauki gawarsa. In aka wayi gari aka ga ƙofa ba wuta, kowa ya san an kore su ke nan, kuma Inna za a ɗora wa. Ni dai na ce a cire, duk wanda ya ji haushi ya sha ruwa. Auta, duk da haushinsa da nake ji, shi ya fi ni hankali a nan. Bayan azahar ya je ya durƙusa gaban liman, ya ce mun yi shawara mu 'ya'yan marigayi, muna so mu ba da babbar fitilar da wurin cajin sadaka ga mahaifinmu, a kafa su gaban masallaci, gindin darbejiyar da yake zama. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Dattawa suka yi ta cewa Allah ya kai ladan kabarinsa. Surukin Goggo da kansa ya riƙe tsani. Kafin magariba majalisa ta bi fitilarta ta koma inda ta fito, har da mai shayi.

Saura cikin gida. Wannan karon ban bar Auta ya auna da idonsa ba. Da duhu ya fara na ce wa Inna ta yi hidimarta yadda ta saba, na kashe komai, na bi ta a baya ina kallon inda hannunta ke miƙewa yana neman bango. Dokin ƙofa. Gindin randa. Murhu. Kwanar da ke tsakanin rumbu da turken awaki, hanyar banɗaki. Nan muka sa ƙananan ƙwayaye masu laushin haske, ba farin nan mai soka ido ba, ƙasa-ƙasa daidai gwiwa. Auta ya yanka gwangwanaye ya kife a kansu don hasken ya zuba a ƙasa inda ƙafa ke taka. Makunnin ɗakinta da ya sa a bakin ƙofa, sai ta tashi ta lalubo shi, ya dawo da shi jikin gado ya ɗaura masa igiya. Dogon ƙarfen tsakar gida muka sauke. Zaure da lungu muka bar su da duhunsu.

Auta ya ja da baya ya duba ya ce, "Yaya, wannan ai kamar ba a sa wuta ba."

Inna ta taka daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa murhu, ba ta taɓa bango ba. Ta sauke gyalen daga kan girarta. Bayan isha na gan ta ta jawo tabarmi ta kaɗe su ta shimfiɗa.

Babu wadda ta zo. Muka zauna ni da ita, ina ta ƙirƙiro zance, tana amsa mini da "uhm", kunnenta na zaure. Da ta gaji ta naɗe tabarmin da kanta. Washegari ma haka. Yaran matan sun riga sun saba da sabon wurinsu, can suke da ƙawayensu da dariyarsu, kuma gara in faɗa tun yanzu, ba su taɓa dawowa ba. Abin da aka yi shekaru ana tarawa, rani ɗaya ya watsa shi. Na ƙara kwanaki a kan waɗanda na yi niyya, ina kallon Inna tana shimfiɗawa tana naɗewa, har na fara lissafa a raina wanne kaya zan fara ɗaukar mata.

Ana gobe zan koma, mun idar da isha, sai muka ji sallama daga zaure, ƙasa-ƙasa, muryar da na sani tun ina cinyar mutane. Goggo ce, tocila a kashe a hannunta, ƙullin gyaɗa a ka.

Inna ta gyara zama ta ce, "Wa nake ji kamar Mai Nono? Ashe kina da rai?"

"Da rai har da ƙafa. Matsa, kin cinye tabarmar ke kaɗai. Jikata ce ta haihu, sai yau na samu kaina."

"Ke dai faɗi gaskiya, kunyar ki zo ki ba ni haƙuri kike ji."

"In ba ki haƙuri? Ni na rataya wa surukina fitila a hanya?"

Inna ta yi dariyar da rabon in ji ta tun Baba na da rai. Sannan ta juyo wajena ta ce, "Ke, tashi ki ba mu wuri. Maganar manya za mu yi."

Ni da furfura a kaina, ni da ake ce wa Malama a Birnin Kudu, na tashi sum-sum na shiga ɗaki. Na kwanta a gadonta ina jin ɓas-ɓas ɗin gyaɗa da muryoyinsu, wani lokaci su yi ƙasa da murya, wani lokaci su fashe da dariya. Ba a taɓa korata na ji daɗi irin na ranar ba.

Inna ba ta sake tambayar ɗakin Birnin Kudu ba. Ta ƙara damina biyu a gidanta, ba ta sake faɗuwa ba, hirar mutum biyu ba ta yi fashi ba sai ranar ruwan sama. A ɗakinta ta cika, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Goggo ce ta yi mata wanka.

Bayan addu'ar bakwai mutane suka watse, Auta ya koma shago, ni kaɗai na rage ina tattara kwanukan aro. Bayan isha ina zaune a tsakar gida na ji sallama daga zaure. Na amsa. Goggo ta shigo ta tsaya a tsakiyar gidan da ƙullinta a ka, ta daɗe a tsaye.

Ta ce, "Ba mantawa na yi ba. Ƙafar ce ta saba."

Na shimfiɗa mata tabarma, na juya zan shiga ɗaki. Ta dafa gefen da Inna ke zama ta ce, "Ina za ki? Zo ki zauna nan. Yanzu ke ce babba."

Na zauna. Ta kwance ƙullin ta tura mini rabi. Muka yi ta ɓara, ina jin tana jan hanci, ita ma na san tana jin nawa.